Yadda Ake Haɗa Jirgin Leda da Yara Har Ya Tashi

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, a unguwarmu ba sai an duba kalanda ba. Ɗaga kai kawai za ka yi, ka ga jiragen leda biyu ko uku suna rawa a saman rufin gidaje, wasu kuma tuni sun maƙale a wayar lantarki suna lilo. Mu da muka taso kafin waya ta shigo hannun yara, da wannan muke ɗebe kewa tun daga girbi har zafi ya kama.

Bara ɗana na tsakiya, mai shekara takwas, ya same ni bayan la'asar ya ce, "Baba, ka iya jirgin leda?" Na ce masa tun kafin in san babarsa nake yin sa. Na haɗa cikin minti goma, muka fita fili, jirgi ya ce bai san zancen ba. Sau uku yana ɗagawa kamar tsayin katanga, ya juyo ya soka kai a ƙasa. Yaron bai ce uffan ba, amma kallon da ya yi mini ya ishe ni. A daren na zauna da leda da tsinke ina tuno abin da hannuna ya manta, sai na gane abu biyu ne ke tayar da jirgin leda: hagu da dama su yi daidai, linzami kuma, wato zaren da ke haɗa jirgin da doguwar igiyar tashi, ya zauna inda ya kamata. Gudun da yara ke shararawa da zare a hannu ba ya gyara jirgin da aka haɗa a karkace.

Kayan da za a tanada

Leda ita ce farko. A samo marar nauyi wadda ba ta huje ba, irin baƙar ledar cefane babba ko farar nan ta 'yan shago. Ledar ruwan sha ta yi kauri kuma ta yi ƙanƙanta. Takardar jarida tana yi, sai dai faɗuwa biyu ta yage, yaro kuma ya hau kuka.

Sai tsinkayen tsintsiyar kwakwa guda uku ko huɗu, dogaye, waɗanda ba su bushe har suna karyewa ba. Tsintsiyar laushi ba ta da amfani a nan. Shawarata, ka sayi sabuwar tsintsiya ta wannan aikin, ko ka nemi izini. Ni da na zare tsinke shida daga ta tsakar gida, maɗaurin ya saki, na sha bayani daga uwargida har washegari.

Zare kuwa, na teloli mai ɗan kauri ya fi, ko zaren ɗinkin buhu in an warware shi sili ɗaya. Zaren ulu na saƙa yana da nauyi, yana sa layin ya yi ciki ya janyo jirgin ƙasa. Muna yara mun yi amfani da zaren kaset, amma yana miƙewa yana tsinkewa, yanzu ma ina kaset ɗin? Zaren kamun kifi kada a ba yaro, yana yanka yatsa kamar reza. Mita 50 ta isa a fara da ita.

Ragowar su ne salatif, almakashi, abin awo, biro, da gwangwanin madara ko guntun kara mai kauri da za a naɗe zaren a jiki. In babu abin awo, taƙin babban mutum ya kai kusan santimita 20, sai a kwatanta da shi.

Yanka leda

A farke ledar ta gefe da ƙasa, a shimfiɗa ta falle ɗaya a kan tabarma ko siminti mai santsi. A yanko murabba'i mai santimita 30 a kowane gefe. Hanya mafi sauƙi ita ce a kama kusurwa ɗaya a ninko ta ta haɗu da gefen da ke kallonta, a yanke rarar. Sannan a sake ninkewa daga kusurwa zuwa kusurwa a duba: ɓangarorin biyu su hau juna ba tare da wani ya leƙo ba. In ɗaya ya fi ɗaya ko da faɗin yatsa ne, a gyara yanzu, domin a sama iska za ta nuna shi.

Layin da ninkin ya bari shi ne tsakiyar jirgi. A ajiye ledar yadda kusurwa ɗaya ke kallon sama, ɗaya ƙasa, sauran biyun hagu da dama. Ta sama ita ce kai, ta ƙasa gindi. Wannan awo da ninki aikin yaro ne ɗan shekara bakwai zuwa sama. Almakashi ya zauna a hannun babba in yaran ƙanana ne, reza kuwa kada ma ta shigo wurin.

Ƙashin baya da baka

Daga kai zuwa gindi za a sami kusan santimita 42. A zaɓi tsinken da ya fi miƙewa, a yanke shi daidai wannan tsayin, a kwantar da shi a kan layin tsakiya, wajen kaurinsa yana kai. A manne shi da salatif a kai, a tsakiya, da gindi. A kan da gindin, a ninko ɗan bakin ledar ya rufe tsinin kafin a sa salatif, don kada ya huda ya fito. Wannan shi ne ƙashin baya.

Baka ita ce inda na faɗi bara. Tsinken kwakwa gindinsa kauri, kansa siriri. In ka lanƙwasa guda ɗaya daga hagu zuwa dama, wajen siririn zai lanƙwashe sosai, wajen kaurin ya tsaya ƙyam, jirgi ya zama fiffike ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai laushi. Irin wannan jirgin da ya sha iska sai ya hau juyi kamar filfilo. Maganinsa a haɗa tsinke biyu masu kama da juna. A jera gindinsu su hau juna kamar santimita 10 a tsakiya, siraran kawunan suna kallon waje, a naɗe mahaɗar da zare tamau, a ɗaure. Tsayin duka ya zama santimita 48, wato ya ɗan fi faɗin jirgin, kuma in za a rage tsayi a rage daidai daga kowane gefe.

Kafin a manna, a riƙe kawunan biyu a lanƙwasa a ɗaga ta saitin ido. Bari yaron ya duba ya faɗa maka ko gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa. Idonsu ya fi namu a wannan, kuma suna jin daɗin a ce su ne alƙalai. In tsinken ya bushe yana ƙara kamar zai karye, a jiƙa shi a ruwa na ɗan lokaci.

Yanzu a sa kai ɗaya a kusurwar hagu, a ninko bakin leda a kansa, a manne. A lanƙwasa bakar ta yi tudu wajen kan jirgi, a kai ɗaya kan kusurwar dama, a manne shi ma. Nan ana buƙatar hannu huɗu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya manna. Tudun bakar zai gitta ƙashin baya kamar santimita 11 daga kai, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa. Ledar ta miƙe ba yamutsewa, amma kada ta ɗame kamar fatar ganga. In babu salatif, a yi yadda muke yi da: a murɗe bakin ledar a jikin tsinken a naɗe da zare.

A gwada daidaito tun a nan. A ɗora kan jirgin a yatsa ɗaya, gindinsa a wani yatsan, a sake shi. In fiffike ɗaya ya rinjaya ƙasa, a ɗan ƙara salatif a ɗayan har su tsaya.

Linzami

Yara da yawa suna ɗaura zare a kan jirgi kawai su hau gudu, shi ya sa yake bin su a baya kamar tsumma. Jirgin leda yana tashi ne saboda yana fuskantar iska a ɗan kishingiɗe, kai a gaba, gindi a baya. Iska ta daki cikinsa ta zame ta ƙasa, shi kuma ya tura sama, zaren hannunka ya hana ta tafiya da shi. Linzami ne ke riƙe masa wannan kishingiɗar. In ya miƙe tsaye sosai, iska za ta yi ta turo shi baya ya kasa hawa. In ya kwanta sosai, iskar za ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta riƙe shi ba.

A juya jirgin, tsinkaye suna ƙasa, fuskar leda tana sama. Linzami a fuskar ledar yake zama, ita ce za ta kalli mai riƙe da zare. A yanko zare mai santimita 60. Da tsinin tsinke a huda ƙananan ramuka biyu a gefe da gefen inda baka ta gitta ƙashin baya, a zura zaren ta ɗaya, ya zagaye tsinkayen biyu, ya fito ta ɗayan, a ɗaure. Ɗaurin nan shi ne kuma ke haɗa baka da ƙashin baya, don haka a ja shi da kyau. Ɗaya bakin zaren a ɗaura shi haka nan a ƙashin baya, santimita 8 daga gindi. In an manna ɗan salatif a wurin kafin a huda, ramin ba zai ci gaba da yagewa ba.

Yanzu a kama zaren a ɗaga, zai yi kamar rufin bukka mai ƙafa biyu. Ƙafar da ke wajen kai ta fi ta wajen gindi gajarta da faɗin yatsa uku. A wannan wurin za a ɗaura doguwar igiyar tashi. Ga yadda ake gane an dace: a riƙe wurin da yatsa biyu a bar jirgin ya rataya dab da ƙasa. In gindinsa ya taɓa ƙasa, kansa ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu, fikafikan biyu kuma su tsaya ba wanda ya rinjaya.

Kada a ƙulle wurin da ƙullin da ba ya kwancewa, domin a fili sai an matsar da shi. Ni ƙaramin zobe nake yi da wani guntun zare, in zagaya shi sau biyu a jikin linzamin in zura shi cikin kansa. In an ja sai ya kama, in an sassauta sai ya zame sama ko ƙasa. A jikin zoben nake ɗaura doguwar igiyar.

Jela

A yanka ragowar leda siri-siri, faɗin yatsa biyu, a ƙulla su da juna har su kai mita 2 zuwa 2 da rabi, wato tsayin jirgin sau biyar ko shida. A ɗaura a gindin ƙashin baya. Aikin jela ja ne, tana riƙe gindi a baya don kai ya ci gaba da kallon sama. Tsayi ake so a wurinta, nauyi kuwa cutarwa yake, saboda haka kada a ɗaura mata dutse ko murfin kwalba. Wannan aikin na ƙananan yara ne, 'yan shekara huɗu da biyar. Autarmu ce ta zaɓi launuka, ja da baƙi da fari, kuma har yau ita a wurinta jirgin nata ne tunda ita ta yi masa jela. A sa guntayen leda a aljihu, za a nema a fili.

Fili da lokaci

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma ta fi daɗin aiki daga hantsi zuwa kusan azahar, ko bayan la'asar in ba ta kwanta ba. Wadda ake so ita ce mai motsa ganyen darbejiya da ƙananan rassa, wadda kake jin ta a fuska tana kaɗa maka riga, kamar kilomita 10 zuwa 20 a awa. In manyan rassa suna rangaji, ƙura tana shiga ido, tsinken kwakwa ba zai jure ba, a bari sai gobe. Ranar da hazo ya yi yawa, yaro mai asma ko tari ya zauna a gida.

Filin idi, filin ƙwallo, filin makaranta ranar da ba karatu, ko gonar da aka gama girbe ta, duk suna yi. A gona a sa takalmi saboda tushiyar kara da ƙarangiya. Lungun unguwa ba ya yi, domin iskar da ta bugi gini ko babbar bishiya tana hargitsewa a bayansa, ta yi ta juyi har nisan da ya ninka tsayin abin sau da yawa. A tsaya nesa da su, ta yadda iskar za ta iso a miƙe. A nisanci titi, domin mai kallon sama ba ya ganin babur. A nisanci kewayen filin jirgin sama.

Tayarwa

Mai zare ya ba iska baya. In ba a tabbatar da inda take fitowa ba, a ɗebi ƙasa a watsa a ga inda ta nufa. Ɗayan ya ɗauki jirgin ya tafi can, taku 15 zuwa 20, ana sakar masa zare. Ya juyo ya ɗaga jirgin sama da kansa, kan jirgi yana sama, linzami yana kallon mai zare, jela a warware a ƙasa ba ta naɗe masa ƙafa ba. Zaren ya miƙe tsakaninsu. Da an ji iska ta taso, mai zare ya ce "Saki!" Sakin kawai za a yi, ba a jefawa. Mai zare ya ja hannu biyu ko uku da sauri, ko ya yi taku kaɗan da baya, jirgin zai hau.

Daga nan sai ja da saki. In ka ji yana jan hannunka, ka sakar masa zare a hankali. In ka ji zaren ya yi laushi yana sauka, ka ja ya sake hawa. Da ya wuce tsayin bishiyoyi zai sami iskar da ta fi ta ƙasa natsuwa, ya zauna abinsa yana kaɗa jela. A nan ne za ka miƙa wa yaro gwangwanin ka koma gefe. Na lura mu manya muna da wata ɗabi'a, mu ce mun yi wa yara, sai a wayi gari mu ne riƙe da zare su suna roƙon "Baba, ni ma." Ranar da namu ya tashi, inuwarsa ta gifta ta kan wata kaza a bakin fili, ta yi ƙara ta tattara 'ya'yanta ƙarƙashin fiffike, ta ɗauka shirwa ce. Ba ita kaɗai ta ga kamar ba, Turawan Ingila ma da sunan shirwa suke kiran wannan abin wasan.

In ya ƙi

In yana juyi yana faɗuwa, a fara da ƙara jela kamu biyu. In har yanzu gefe ɗaya yake bi kullum, matsalar a baka take: a duba ko mahaɗar tsinkayen ta goce daga tsakiya, ko salatif ɗin kusurwa ɗaya ya saki. In gocewar kaɗan ce, ɗan guntun leda da aka ɗaura a ɗaya fiffiken yana daidaita shi.

In yana ja da ƙarfi amma ya tsaya ƙasa-ƙasa ya ƙi hawa, a matsar da zoben linzami wajen kai da faɗin rabin yatsa. In yana karkarwa, ba ya jan hannu, yana kifowa gaba, an matsa da yawa, a dawo da shi wajen gindi. Rabin yatsa a kowane gwaji ya isa. Iska mai ƙarfi tana son zobe ya ɗan hau sama da ƙarin jela, mai rauni kuma tana son a rage jelar.

In ya kifo kai yana gangarowa, hannu zai so ya fizga, fizgar kuwa ƙara masa gudu take zuwa ƙasa. A sakar masa zare, jela za ta juyo da kansa sama, sannan a ja.

Waya, hadari da zare mai kaifi

Kafin a bar gida a yi wa yara wannan magana, a sake ta a fili: jirgin da ya maƙale a wayar lantarki ya tafi ke nan. Ba a zunguro shi da gora ko ƙarfe, ba a hawa katanga ko falwaya, ba a jan zaren, sakinsa ake yi. Manyan layukan da ke ratsa unguwanni a Najeriya suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, irin waɗannan ba sai an taɓa su ba, matsowa kusa ma haɗari ne. Kada a ce ai an ɗauke wuta, ba ta sallama in za ta dawo. Leda da tsinke uku ne, a gida akwai wasu.

Da damina kuwa, in hadari ya haɗo ko an ji rugugi, a sauke a shiga gida, jiƙaƙƙen zare yana ɗaukar wuta. Yara masu karatun kimiyya za su kawo maka labarin Benjamin Franklin, wanda ya tayar da irin wannan jirgi cikin hadari a Amurka a 1752 don ya nuna walƙiya lantarki ce. Ka ce musu sa'a ya yi da ya tsira.

A Indiya, musamman jihar Gujarat, ranar 14 ga Janairu sama kan cika da waɗannan jirage, kuma can da Pakistan akwai al'adar shafa wa zare garin kwalba don a tsinke na abokin gasa. Zaren nan ya yanka tsuntsaye da wuyan masu babura, har hukumomi suka hana bikin tayar da jiragen a birnin Lahore na Pakistan na tsawon shekaru. Yaranmu suna ganin bidiyon a waya, gara su ji daga bakinka cewa ba a yi. Ko zaren teloli ma kada yaro ya naɗa shi a yatsa ko wuyan hannu, a gwangwani ake riƙewa.

Saukewa

A riƙa naɗe zaren a gwangwani ana takawa wajen jirgin. In yana ja sosai, babba ya kama layin da tsumma a hannu ya bi shi yana dannowa ƙasa, yaro na biye yana naɗewa. Kada a tara zare a ƙasa da niyyar a naɗe daga baya, in ya cukurkuɗe da ƙarangiya sai almakashi.

Kafin a bar fili a tsince duk guntun leda da zaren da ya tsinke. Awaki da shanu suna haɗiye leda, tana cushe musu ciki, zare kuma yana naɗe ƙafar kaji. A gida a naɗe jela a jikin jirgin, a rataye shi a ƙusa ta linzami inda rana ba ta dukansa, domin rana tana sa leda ta yi rauni ta farfashe. In salatif ya sha ƙura ya saki, a goge wurin da busasshen tsumma kafin a sa sabo. Namu na bara ya yi mako uku kafin baka ta karye, muka zare ta muka ɗaura wata a ledar nan dai.